Nono Ɗaya Muka Sha

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina zaune da mahaifiyata da matata da yaranmu a tsohuwar hararmu, wato unguwar da aka haife ni a gefen Madina. Unguwar baƙaƙe ce tun asali. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin hajji, wasu daga Kano, wasu daga Damagaram, wasu sai da suka yi shekaru a Sudan kafin su tsallako teku. Da suka ga Madina suka ce ba su komawa. Lokacin da suka kafa gidajensu a wurin babu komai sai baƙin dutse. Daga baya gari ya biyo su, sai dai abin da garin ya turo mana shi ne abin da ba ya so a kusa da shi: garejin gyaran motoci, masu walda, masu buga bulo, da injin niƙa dutse can bayan tudu. Sina'iyya muke kiran wurin gaba ɗaya.

In iska ta juyo daga can bayan la'asar, wata farar ƙura ce ke sauko mana mai laushi kamar gari. Mace ta shanya baƙar abaya, ta dawo ta tarar da ita ruwan toka. Mun saba. Ni ma a cikin sina'iyyar nake cin abinci, mai walda ne ni, da ƙafa nake zuwa aiki. Rubutun Hausar nan ma a can na koya wurin wani abokin aiki ɗan Kano, don haka a yi haƙuri da shi.

Ina da aboki, gidansu na jikin namu. Na girme shi da 'yan watanni. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo bayan ta haife shi, sai mahaifiyata ta ɗauke shi ta haɗa mu ta shayar. A shari'a ɗan'uwana ne, kuma ɗanta ne, ba ta rufe fuska a gabansa. Mun tashi tare, an dake mu tare. Shi ya yi karatu, ni na tsaya a tsakiya. Ya samu aikin ofis, ya yi aure, ya gina gida a unguwar Khalidiyya, ya bar hara. Wallahi ban taɓa jin ƙyashin gidansa ko motarsa ba. Ni ne ma na yi masa ƙofar gidan da hannuna.

Abin da ke tsakanina da shi daban ne. Ni ɗan fari ne, kuma mahaifiyata Bahaushiya ce ta gaske, duk da ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa da idonta ba. A wurin uwarta ta gaji kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni, ba ta yabona a gaban mutane, ba ta ma cika kallon fuskata ba. In abinci ya sauka sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce wa wancan ya zo." Da na fara aiki sai na samu ƙarin girma, na zama "mai walda". Ni kuwa na tashi cikin Larabawa, inda ake kiran uwa da sunan ɗanta na fari, ta sumbace shi a ƙofar makaranta tana ce masa habibi, wato masoyina. Shi abokina babu wannan shamakin tsakaninsu. Tana kiran sunansa da ƙarfi, tana ja masa kunne, tana ce masa Acici saboda yadda ya riƙa ture ni a nono. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Amma sani daban, zuciya daban.

A haka tari ya kama ta. Da farko muka ce mura ce. Aka sha na'ana'a, aka sha citta da zuma. Sai ya zama in ta hau 'yar matakalar tsakar gida sai ta tsaya ta dafa bango. Likita ya saurari ƙirjinta, ya tambaye ni inda muke zaune. Da na faɗa masa sai ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Magani zan ba ta, amma maganin ba zai yi komai ba in tana shaƙar abin da take shaƙa. Ka fitar da ita daga wurin."

Ba ni da inda zan kai ta. Abin da nake da shi ƙarfe ne da wuta, sai na yi abin da na iya. Na ƙera wa tagoginta firam, na lika soso, na rataya jiƙaƙƙun buhuna, na toshe ƙasan ƙofa. Na tsaya ina kallon aikina ina jin kaina injiniya. Ɗakin ya zama tanda, ga duhu, ga warin jiƙaƙƙen buhu, ƙurar kuma ta ci gaba da shigowa ta inda Allah kaɗai ya sani. Ina tsaye a bakin ƙofa ta ce wa matata, "Ki tambayar mini mai gidanki, wane laifi na yi aka ɗaure ni?"

Wata Juma'a abokina ya zo cin abincin rana kamar yadda ya saba. Ya shiga ɗakin ya gan ta, ya fito fuskarsa a canje. Muna kan faranti, ita tana gefe a kan dardumarta, ya ce, "Inna, ɗakin ƙasa na gidana babu kowa a ciki. Tagarsa na kallon bishiyar lemun tsami. Ki tattara mu tafi yau."

Na ce, "Uwar mutum ba ta kwana gidan wani alhali ɗanta na da rai."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Wane ne wani, ya akhi? Ni ne wani?"

"Ka gane abin da nake nufi."

"Ban gane ba, babban yaya. Ka yi mini bayani da Larabci."

Mahaifiyata ta ce, "Ku ci abinci kafin ya huce. Ikon Allah, yau wanda ya shanye nonon shi ake ce wa wani." Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da matata ta kawo abin da ake fesa mata a baki.

Bayan ya tafi, matata tana wanke kwanuka ta ce mini ba tare da ta juyo ba, "Bakin mutane kake tsoro, ko tsoro kake ta je can ta ji daɗi?" Na ce mata ta kula da kwanukanta. Hausawa na cewa kishi kumallon mata. Ni dai na ga namiji mai gemu ya yi shi, a madubi.

Ba a jima ba numfashin mahaifiyata ya sarƙe wata la'asar, na ɗauke ta a hannu na sa a motar aikina muka yi asibiti. Ta yi kwanaki ana sa mata iska. Ranar da za a sallame ta likita ya maimaita maganarsa a gaban abokina. Na ce to, ta je Khalidiyya ta huta har ta warware, sannan ta dawo ɗakinta. Na nanata kalmar "ta dawo" har abokina ya ce, "Mun ji, ba sace ta za mu yi ba."

Ta kuwa warware. Wannan shi ne abin da ya fi mini daɗi, shi ne kuma abin da ya fi mini ciwo. Cikin 'yan watanni kumatunta suka dawo. Tana hawa bene. Tana zuwa Harami sallar asuba a motarsa. Ba wanda ya sake ɗaga maganar dawowa, ni ma ban samu fuskar ɗagawa ba.

Kowace Juma'a ina zuwa gaishe ta. Sai dai matar abokina ba muharramata ba ce, don haka ba na shiga cikin gida. Majalisin baƙi ake buɗe mini. In cire takalmi, in zauna a bakin kujera, in ɓoye faratuna da baƙin mai ya ƙi fita daga cikinsu. A kawo gahawa da dabino kamar yadda ake kawo wa kowane baƙo. Sai yaro ya ruga ciki yana ce wa kakar tasu da Larabci, "Sitti, kin yi baƙo." Baƙo.

Kafin ta fito ina jiyo muryarta ta bayan bango. Tana dariya, tana zagin abokina, "Acici, ka taɓa naman nan ka gani!" Tana koya wa 'ya'yansa waƙar tashe, su kuma suna kwaɓa ta da harshen Larabawa tana ƙyaƙyatawa. Ni ban taɓa sanin tana da irin wannan dariyar ba. Da ta iso ƙofar majalisi sai ta gyara mayafi, ta gyara fuska, ta zauna nesa kaɗan tana kallon kafet.

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Ya mutanen gida? Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Sai abokina ya shigo ya zube a gefenta, ya ɗora kansa a kafaɗarta kamar ba uban yara ba, ta ture shi tana cewa, "Tashi, ƙaton banza, ka karya ni." Ni kuma ina riƙe da finjalin gahawa ina murmushi. In zan tafi a miƙo mini kwanon tuwo da miyar kuka, a ce Inna ce ta yi da kanta. Tuwon da na tashi ina ci a kwanon gidanmu, yanzu kyautarsa ake ba ni a ƙofar gidan da ni na ƙera. A hanya ina tuƙi ina cewa ba zan ci ba. Kafin in kai hara na buɗe na fara da hannu.

A hara kuma tsofaffi ba su bar ni ba. In na wuce su a ƙofar masallaci sai wani ya ce, "Ya Hajiya? Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya riƙe ta da kyau." In ce amin. Gaskiya suka faɗa, ina zan kai ƙara?

Ana nan matata ta haifi mace, na sa mata sunan mahaifiyata. Inna ta ce lallai za ta zo ta zauna da mai jego har a yi suna. Ban nuna komai ba, amma na cire buhunan nan, na yi wa ɗakinta fenti, na sayi sabuwar katifa, na sa na'urar sanyaya ɗaki. Na ce wa kaina don baƙi na yi.

Da ta sauko daga mota, hara ta tashi. Tsofaffin mata suka cika tsakar gida, masu Hausar Kano, masu ta Damagaram, masu ta Sudan da rabinta Larabci ne. Aka fasa goro, aka dama kunu, aka tono gulmar da ta wuce ta. Wata ƙawarta ta ce, "Hajiya, kin yi fari, kin yi ƙiba, kin zama matar manya. Ko dai kin manta da mu?"

Ta ce, "Ke dai bari. Can iska ce kawai, babu mutane. Kowa ya rufe ƙofarsa. Maƙwabciyata har yau ban san ko tana da hanci ba."

Ina bayan labule ina shirya kujeru na ji wannan maganar. Wallahi sai da na ajiye kujerar na zauna a kanta don daɗi. Na ce ashe dai. Ashe lemun tsami bai isa ba.

Kwanakin nan ina dawowa daga aiki in tarar da takalminta a ƙofar ɗakinta, in ji muryarta tana yi wa matata faɗa a kan ruwan wanka. Ba ta ce mini komai ba fiye da yadda ta saba. "Ku ba mai walda abincinsa." Amma a gidana take faɗa, kuma ya ishe ni.

Tun kafin ranar suna tarin ya fara dawowa. Kaɗan-kaɗan, tana danne shi da gefen mayafi. Na ji, na ce hayaƙin girki ne. Matata ta kalle ni, na kalli wani wuri.

Washegarin suna da la'asar abokina ya zo ɗaukar ta. Ya tsaya a tsakar gida yana kaɗa mukullin mota. "Yalla, Inna, yara sun hana ni sakat. Sun ce in ban dawo da Sitti ba kada in dawo."

Tana zaune a kan tabarma da jaririyar a cinyarta. Jakarta na gefe, matata ta riga ta haɗa. Iska ta juyo daga bayan tudu, ana jin injin yana aiki. Ba ta tashi ba. Ta sunkuya tana gyara wa jaririyar hula, sai ta ce da ita, "Takwara, ki gaya wa ubanki, in ya ce in zauna, na zauna. Nan ne gidana."

Tsakar gidan ta yi tsit. Abokina ya daina kaɗa mukulli. Ya kalle ni.

Tun ina yaro nake jiran magana irin wannan daga bakinta. Ga ta, a gaban matata, a gaban Acici. Ta zaɓe ni, ta kuma sa wuƙa da nama a hannuna. Kalma ɗaya zan faɗa ya koma Khalidiyya shi kaɗai ya yi wa 'ya'yansa bayani. Kuma ina so in faɗa, kada in yi muku ƙarya. Har na hango fuskarsa.

Sai dai a cikin shirun nan ina jin ƙirjinta. Duk numfashin da ta ja sai ya yi wani siririn fito, kamar iska na fita daga tiyo mai huda. Ni mai walda ne, na san ƙarar abin da ke yoyo.

Na durƙusa a gaban tabarmar. Ban iya kallonta ba, ita ma ba ta kalle ni ba. Na kama ɗan yatsan jaririyar na ce, "Ki ce wa takwararki ta tashi. Magariba na zuwa, kuma hanya da cunkoso."

Sannan ta miƙa wa matata jaririyar, ta dafa ƙasa ta miƙe. Abokina ya kai hannu zai ɗauki jakar, na riga shi. Na ce, "Ni zan kai ta." Ya kalli tsohuwar motar aikina da tukwanen gas a bayanta, ya kalli tasa mai sanyi. Na ga yana son ya yi tsiya. Allah ya saka masa, bai yi ba. Ya ce, "To, babban yaya. Bari in yi gaba in sa a buɗe ƙofa."

Muka kama hanya. Tana kallon taga, ina kallon hanya. Da muka fita daga sina'iyya na sauke mata gilashi. A ƙofar gidan, kafin ta sauka, ta ce, "Allah ya yi albarka." Ba ta juyo ba, don haka ban tabbata ko da ni take ko da ƙofar motar ba, amma na ce amin. Yara suka fito da gudu suka rungume ta, suka ja ta ciki. Na ajiye jakar a bakin majalisi na juya.

Ba ta sake kwana a hara ba. Ta yi shekaru masu kyau a Khalidiyya, fiye da yadda likita ya yi zato. Ta ga takwararta ta shiga makaranta. Ta yi umara sau da dama, a Bi'ir Ali take ɗaura niyya, wani lokaci da ni, mafi yawa da shi. Ni kuma na ci gaba da zama baƙon Juma'a.

Ranar da ta rasu ina ƙarƙashin wata babbar mota ina yanka ƙarfe. Wayata na cikin aljihun riga a rataye, ƙarar injin ta hana ni ji. Da hantsi ne. Sai da abokin aikina ya jawo ƙafata. Kafin in isa an riga an rufe mata ido. A hannunsa ta cika, shi ya laƙƙana mata kalmar shahada. Aka yi mata sallah a Harami, aka kai ta Baƙi'a, ni da shi muka shiga kabarin muka karɓe ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.

Mutane suna cewa na yi abin da ya dace, kuma na sani. Da na ce ta zauna, da wataƙila ba ta kai baɗi ba. Na samu ƙarin shekaru da uwata a duniya, shi kuma ya samu zama da ita a cikinsu. In aka mayar da ni tsakar gidan nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma duk wanda ya ce maka yin daidai yana kashe kishi, bai taɓa yin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ina son mutumin nan, babu wanda ya yi mini abin da ya yi mini, kuma har gobe in ya ce "Innata" sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina.

Bayan an share makoki ya kama hannuna ya ce, "Ta yi magana da safiyar ranar kafin ta cika. In ka shirya, ka zo in gaya maka." Na ce to. Bayan shekara ya sake tuna mini, na ce ina sane. Bai ƙara ba.

Har yau ban tambaye shi ba. Ba tsoron abin da ta faɗa nake ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne maganar uwata ta ƙarshe ma sai ta bi ta bakinsa kafin ta iso ni. Yanzu dukanmu mun yi furfura, shi ga ciwon suga, kuma na san in ya riga ni tafiya da ita zai tafi. Kusan kowane mako muna haɗuwa a Harami, mu fito tare muna neman takalmanmu, in ce a raina yau zan tambaya. Sai in ji bakina yana tambayarsa ya motarsa, ko tana bukatar gyara.